Jihar da Ta Kayar da Gwamnatin Tarayya Kan Caca, Sai Kasuwar Hasashe Ta Shigo Mata ta Taga

Tushen lamarin: 1976 zuwa 1993

Jihar New Jersey tana gabashin Amurka, a bakin tekun Atlantika, kuma mutanenta sun haura miliyan 9. Zan riƙa kiranta "jihar" kawai, domin abin da ya same ta yana samun wasu jihohin a yanzu, ita dai ce ta riga su shiga rana.

A tsarin Amurka, caca harka ce ta jihohi tun asali. Kowace jiha ita ke yanke wa kanta hukunci, ko ta haramta, ko ta halatta da sharuɗɗa. A 1976 mutanen wannan jiha suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da buɗe gidajen caca a gari ɗaya tak na bakin teku, Atlantic City, garin da ya durƙushe bayan masu zuwa hutu sun juya masa baya. Gida na farko ya buɗe a 1978. Amma cacar wasanni, wato zuba kuɗi kan wanda zai ci ƙwallo ko dambe, ba ta cikin abin da aka halatta.

A watan Oktoba na 1992 majalisar dokokin tarayya ta samu sa hannun shugaban ƙasa kan dokar da ake kira PASPA. Dokar ta hana jihohi halatta cacar wasanni ko ba da lasisinta. An keɓe jihohi huɗu da suka riga suka fara wani nau'i nata: Nevada, Oregon, Delaware da Montana, kuma Nevada kaɗai ke da cikakken iko. Sanatan da ya ja ragamar dokar ɗan wannan jiha ne, tsohon ƙwararren ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda ya yi imani cewa caca na mayar da ɗan wasa tamkar ɗiyar ludo a hannun masu kuɗi.

Duk da haka an bar wa jihar ƙofa. Dokar ta ba duk jihar da ta shekara 10 tana da gidajen caca wa'adin shekara ɗaya ta halatta cacar wasanni idan tana so. A aikace ita kaɗai wannan sharaɗi ya dace da ita. Majalisar jihar ta kasa kai batun gaban masu zaɓe a 1993, wa'adi ya cika, ƙofa ta rufe.

Ciwo ya fara nunawa: 2006 zuwa 2011

Shekara 13 babu wanda ya damu sosai, saboda kuɗi na shigowa. A 2006 gidajen cacar garin suka samu kusan dala biliyan 5.2, mafi yawa a tarihinsu. A ƙarshen wannan shekarar ce maƙwabciyarta Pennsylvania ta fara buɗe nata gidajen, sai masu tuƙa mota na sa'o'i zuwa bakin teku suka samu na kusa da gida. Kuɗin shiga ya kama zubewa shekara bayan shekara. Filayen sukuwar dawaki ma suna ta kukan rashin jama'a.

A ɗaya ɓangaren, cacar wasanni ba ta tsaya ba don an hana ta. Ana yin ta a hannun dillalan ɓoye da shafukan intanet na ƙasashen waje, jihar ba ta karɓar haraji, wanda aka cuta kuma ba shi da inda zai kai kuka.

Wani sanatan majalisar jihar ya kai ƙara kotun tarayya a 2009 yana ƙalubalantar PASPA. A 2011 kotu ta kori ƙarar tun kafin a taɓa gundarinta: ta ce ba shi da hurumin shigar da ita, ga shi kuma kundin tsarin mulkin jihar da kansa bai yarda da cacar wasanni ba. Sai aka koma gyara gida. A watan Nuwamba na 2011 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 64 cikin 100 suka amince a gyara kundin. Cikin gyaran aka rubuta wani sharaɗi da zai dawo da ƙarfi bayan shekara 14: ba za a yi caca kan wasan ƙungiyar wata jami'ar jihar ba, ko a ina aka buga shi, haka kuma ba za a yi kan duk wasan jami'o'i da aka buga a cikin jihar ba.

Yunƙuri na farko, gaba da gaba: 2012 zuwa 2014

A Janairun 2012 gwamna ya sa hannu kan dokar ba da lasisin cacar wasanni ga gidajen caca da filayen sukuwa. A watan Agusta hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da manyan ƙungiyoyin ƙwararru huɗu, NFL, NBA, MLB da NHL, suka maka jihar a kotu. Daga baya ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigo ta goya musu baya.

Hujjar jihar ta dogara ne kan gyara na 10 na kundin tsarin mulkin Amurka. Kotun Ƙoli ta riga ta faɗa a 1992 da 1997 cewa gwamnatin tarayya ba ta da ikon mayar da majalisar jiha ko jami'anta 'yan aikenta. Jihar ta ce PASPA haka ta yi. Kotun farko ta ƙi wannan hujja a Fabrairun 2013. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a Satumba, alƙalai biyu da ɗaya. A Yunin 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi ko sauraron shari'ar.

Dalilin faɗuwar a fili yake. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce PASPA ba ta tilasta wa jihar yin komai ba, hana ta ba da izini kawai ta yi. Har ta ƙara da cewa idan jihar ta ga dama tana iya soke dokokinta na haramci, babu mai hana ta. Lauyoyin gwamnatin tarayya ma sun maimaita irin wannan magana a takardarsu ga Kotun Ƙoli, suka ce jihar na iya sokewa gaba ɗaya ko wani sashe.

A wannan shekara ta 2014 gidajen caca huɗu cikin 12 suka rufe, kimanin mutum 8,000 suka rasa aiki.

Yunƙuri na biyu, dabarar sokewa: 2014 zuwa 2016

Nan ne 'yan majalisar jihar suka kama abokan hamayyarsu da bakinsu. Tunda an ce sokewa halal ce, to bari a soke. A Oktoban 2014 aka yi sabuwar doka wadda ba ta ambaci lasisi ba, ba ta kafa wata hukuma ba, ba ta ce "mun yarda" ba. Abin da ta yi kawai shi ne cire haramcin cacar wasanni daga kan gidajen caca da filayen sukuwa, ga wanda ya kai shekara 21, ban da wasannin jami'o'in nan da kundi ya keɓe. Ko'ina a jihar haramci na nan daram, sai a waɗannan wurare.

Ƙungiyoyin wasanni suka koma kotu, aka dakatar da dokar kafin a karɓi ko sisi. A Agustan 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta sake kayar da jihar, biyu da ɗaya. A Agustan 2016 cikakken zaman kotun ya tabbatar, 9 da 3. Alƙalan suka ce sokewar da ta zaɓi wurin da za a yi caca, da wanda zai yi, da wasan da za a yi a kai, izini ce aka canja wa riga.

A ido wannan faɗuwa ce ta biyar a jere. Amma ta haifar da abin da yunƙurin farko bai haifar ba. Yanzu an rubuta a takardar kotu cewa jiha ba ta da ikon halattawa, kuma ba ta da ikon cire wani sashe na haramcin da ita da kanta ta kafa. Wato dokar tarayya ta riƙe hannun majalisar jiha a kan alƙalami, ta ce kada ki motsa. Abin da lauyoyin jihar suke ta ƙoƙarin nunawa da baki tun 2012 ya fito fili kowa na gani.

Haƙa ta cimma ruwa: 2017 zuwa 2018

Babban lauyan gwamnatin tarayya ya ba Kotun Ƙoli shawara kada ta saurari shari'ar. Kotun ta yi gaban kanta ta karɓa a Yunin 2017, ta saurari ɓangarorin a 4 ga Disamba, ta yanke hukunci a 14 ga Mayun 2018. Alƙalai shida cikin tara suka rushe PASPA ɗungurungum. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce hana majalisar jiha yin doka da tilasta mata yin doka duk umarni ne, kuma tarayya ba ta da wannan iko.

A kusa da ƙarshen hukuncin akwai wata jimla da murna ta hana mutane da yawa tsayawa a kanta. Ma'anarta ita ce: majalisar tarayya na iya tsara cacar wasanni kai tsaye da kanta, idan ba ta yi ba ne kowace jiha ke da 'yancin yin nata. A riƙe wannan jimla.

Sabon gwamna ya sa hannu kan dokar aiwatarwa a 11 ga Yuni. Bayan kwana uku ya tsaya gaban tagar wani filin sukuwa ya miƙa dala 20 cewa Jamus za ta ci kofin duniya na wannan shekara, da wata dala 20 kan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta jihar. A watan Agusta manhajar waya ta farko ta fara aiki.

Katangar da jihar ta gina: 2018 zuwa 2024

Tsarin da aka kafa yana da ginshiƙai bayyanannu. Duk manhaja sai ta rataya a lasisin wani gidan caca ko filin sukuwa na jihar. Mai yin caca sai ya kai shekara 21, an tantance shi da takardun shaida. Wayarsa sai ta nuna yana cikin iyakar jihar a daidai lokacin da ya danna, shi ya sa kafin New York ta buɗe tata cacar waya a 2022 ake ganin mutane suna tsallako kogi a jirgin ƙasa, su tsaya a tasha su danna, su koma. Harajin cacar intanet ya fara ne da kashi 13 cikin 100 na ribar kamfani, na taga kuma kashi 8.5.

Akwai kuma rajistar hana kai, wadda a ganina ita ce mafi daraja a duk tsarin. Mutumin da ya ga caca na cin gidansa yana iya sa sunansa na shekara ɗaya, ko biyar, ko har abada. Daga nan duk kamfani mai lasisi dole ya rufe masa asusu, ya daina aiko masa da talla. Wanda ya taɓa zama da mai wannan ciwo ya san cewa azamar da ya ɗauka da safe ba ta cika kai shi dare ba, don haka yana buƙatar ƙofar da ba shi ke riƙe da makullinta ba.

Kuɗi ya shigo fiye da zato. A Satumban 2021 jihar ta zama ta farko a Amurka da aka zuba sama da dala biliyan 1 a cacar wasanni cikin wata guda, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 ta waya ne da kwamfuta. A Nuwamban wannan shekara aka tambayi masu zaɓe ko a cire haramcin nan na wasannin jami'o'i, suka ce a'a.

Abin da ke tsirowa a bayan katanga: 2010 zuwa 2024

Kasuwar hasashe ta fito ne daga wani gida daban. Yadda take aiki ba wuya. Ana kafa tambaya mai amsar e ko a'a, misali ko wane zai ci zaɓe. Kana sayen kwantiragin "e" ko "a'a" a kan farashi tsakanin senti 1 da 99. Idan ka dace a biya ka dala 1, idan ba ka dace ba kuɗinka ya tafi. Farashin senti 63 na nufin kasuwa na ganin yiwuwar abin ta kai kashi 63 cikin 100. Kamfanin ba shi ne abokin karawarka ba, yana haɗa ka da wanda ya ɗauki akasin naka ya cire la'adarsa.

Jami'ar Iowa ta fara irin wannan a 1988 don bincike, da iyakar dala 500 ga kowane mutum. Hukumar da ke kula da harkar ita ce CFTC, wadda aka kafa a 1974 don sa ido kan kasuwar cinikin gaba, inda manomi ke tsayar da farashin alkamarsa tun kafin girbi don ya tsira daga faɗuwar kasuwa. Doka ta ba wannan hukuma iko ita kaɗai a kan duk cinikin da ake yi a kasuwannin da ta yi wa rajista. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ƙara mata ikon hana kwantiragin da ya shafi ta'addanci, kisan gilla, yaƙi, caca, ko abin da doka ta haramta. Lokacin muhawarar dokar a majalisar dattawa, Sanata Blanche Lincoln ta kawo misalin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, da sukuwar Kentucky Derby da gasar golf ta Masters a matsayin abubuwan da ba a so a mayar da su kwantiragi.

Shekaru da dama hukumar ta riƙe wuta. Ta kai kamfanin hasashe na Intrade kotu a 2012, ta ci wani irinsa mai suna Polymarket tarar dala miliyan 1.4 a Janairun 2022. Wani kamfanin hasashe mai suna Kalshi kuwa ya bi ta ƙofar gaba: ya samu rajista a Nuwamban 2020. Da hukumar ta hana shi kwantiragin zaɓen majalisa a 2023, ya kai ƙara, kuma a Satumban 2024 Mai shari'a Jia Cobb ta ba shi gaskiya, ta ce zaɓe ba wasa ba ne. Akwai kuma wata ƙa'ida mai nauyi: kasuwa mai rajista na iya ƙaddamar da sabon kwantiragi ta hanyar shaida wa hukumar cewa ya dace da doka, ba sai ta jira izini ba. Idan hukumar ta yi shiru, ciniki ya ci gaba.

Shekarar da aka shigo ta taga: 2025

A Janairun 2025 Kalshi ya fara sayar da kwantiragi kan sakamakon wasanni a duk jihohi 50, ga duk wanda ya kai shekara 18. Hukumar tarayya, ƙarƙashin sabon shugabanci, ba ta hana ba. A watan Mayu ma ta janye ƙarar da ta ɗaukaka kan batun zaɓe.

A 27 ga Maris hukumar caca ta jihar ta aika wa Kalshi da kamfanin cinikin hannun jari na Robinhood takardar umarnin dakatarwa. Ranar ba ta zo haka kawai ba. A wannan daren ake buga wani zagaye na babbar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i a birni mafi girma na jihar. Kamfanoni masu lasisi sun toshe waɗannan wasanni a manhajojinsu kamar yadda kundi ya ce, amma a kasuwar hasashe ga su nan da farashinsu.

Kalshi bai tsaya jiran tara ba, shi ya riga kai ƙara kotun tarayya. A 28 ga Afrilu alƙali ya ba shi umarnin wucin gadi da ya hana jihar taɓa shi. Dalilin alƙalin shi ne sakamakon wasa na iya shafar tattalin arziki, don haka kwantiragin ya shiga ƙarƙashin ikon CFTC ita kaɗai, kuma idan dokar tarayya ta mamaye fage dokar jiha sai ta ja da baya. Jihar ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun nan da ta kayar da ita sau uku a baya, aka saurari ɓangarorin a Satumba.

A 1 ga Yuli jihar ta ɗaga harajin cacar intanet zuwa kashi 19.75. Mai lasisi ne ke biya. Kasuwar hasashe ba ta biyan wannan haraji.

Inda aka tsaya a ƙarshen 2025

Kotuna sun rabu. A Maryland alƙali ya ƙi ba Kalshi irin wannan kariya a 1 ga Agusta, ya ce babu shaidar cewa majalisar tarayya ta yi niyyar ƙwace wa jihohi ikon caca. A Nevada alƙalin da ya ba shi kariya a Afrilu ya janye ta a Nuwamba. A wannan jiha kuwa umarnin Afrilu na nan yana aiki. Ita CFTC mai kujerun kwamishina biyar, daga Satumba mutum ɗaya ya rage a kai. A Disamba DraftKings da FanDuel, manyan masu lasisin da suka girma a ƙarƙashin tsarin jihohi, suka buɗe nasu manhajojin hasashe.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Nasarar 2018 ta samu ne saboda jihar ta daina jayayya kan ko caca na da kyau, ta mayar da shari'ar kan wa ke da iko, sannan ta yi haƙurin faɗuwa sau biyar har sai da ta tilasta wa kotu furta abin da ba za a iya kare shi ba. Dokar 2014 da ake gani kamar wayo ce ta yi wannan aiki. Tsarin lasisi ma ya yi abin da aka gina shi dominsa: ya jawo kasuwa daga ɓoye zuwa inda ake iya ƙirga ta. Ban ce ya rage yawan masu faɗawa ciwon caca ba. Sanya gidan caca a aljihun kowa ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma jihar ce ta ɗauke shi da hannunta.

Takardar 27 ga Maris ta gaza ne saboda makamin da ya yi aiki a 2018 ba ya yanka a nan. PASPA ta ba jihohi umarni, shi ya sa ta faɗi. Dokar kasuwar cinikin gaba kuwa ba ta ce wa jihar komai ba, kamfanoni take tsarawa kai tsaye, wato daidai ƙofar da Alito ya ce tarayya na da ikon bi. Abin tambaya kawai shi ne ko majalisar tarayya ta bi ta wannan ƙofa da gangan a 2010. Ni ban yarda ta bi ba. Sanatar da ta tsaya ta ambaci Super Bowl da sunansa a matsayin abin gudu ba ta cikin shirin miƙa cacar wasannin ƙasa baki ɗaya ga hukumar farashin alkama. Manomi na da gonar da yake karewa. Wanda ya sayi "e" kan wasan daren Alhamis ba shi da abin da yake karewa, cin riba yake nema, kuma shi da mai danna manhajar caca ɗan juma ne da ɗan jummai.

Kuskuren jihar, a nawa ganin, shi ne ta rataya kowace kariya a wuyan lasisi. Shekara 21, iyakar jiha, haramcin wasannin jami'a, rajistar hana kai, duk suna ɗaure mai lasisi ne kaɗai. Ranar da aka samu mai karɓar kuɗin jama'a ba tare da lasisin ba, kariyar ba ta bi kuɗin ba. Wasu kamfanonin hasashen suna da nasu hanyoyin da mutum zai iya rufe asusunsa, amma sai ya je ya nema a wurin kowane ɗaya daban. Mutumin da ya sa sunansa a rajistar jihar na har abada a 2019, ya sa hannu, aka rufe masa kowace ƙofa da jihar ta sani, a Disamban 2025 yana iya buɗe sabon asusu yana kwance a ɗakinsa, kuma babu jami'in jihar da doka ta bari ya hana.